Shanyewar Ɓarin Jiki: Kada A Kwana Da Mai Ciwo A Gida

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar taki da iri da rumbu, mu duba wani ciwo wanda ya sha raba ƙungiyoyinmu da ƙarfafan mutanensu, watau shanyewar ɓarin jiki. Da wuya a sami ƙauyen da ba shi da mutum ɗaya ko biyu masu jan ƙafa, hannu a lanƙwashe a ƙirji, alhali kuwa bara waccan su ne a gaba ranar gayya. Abin da muke so mu nuna shi ne, ko mai wannan ciwo zai tashi, ko zai naƙasa, ko zai rasu, yawanci tun a sa'o'in farko da kwanakin farko ake sanin inda ya dosa. Waɗansu daga cikin sa'o'in nan a hannunmu suke, waɗansu kuma a hannun ma'aikatan asibiti.

Mu ƙirga sa'o'in

Ga yadda abin yakan faru, kowa ya karanta kuwa zai tuna da wani nasa. Dattijo yana huɗa da safe wajen ƙarfe 9, sai garma ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sunkuya zai ɗauka, hannu ya ƙi. Ɗansa ya yi masa magana ya amsa, amma maganar ba ta fita sosai, sai ka ce mai tuwo a baki. Aka kai shi gindin itace, aka ce zafin rana ne, bari ya huta. Da rana ta take aka ɗauke shi zuwa gida, aka dama kunu aka ba shi, ya ƙware ya yi ta tari. Sa'an nan aka aika a kira wansa daga wani ƙauye, gama ba mai ikon cewa a tafi asibiti sai shi. Wan ya iso da la'asar. Aka kira wanzami ya yi ƙaho, wata ta kawo man zafi aka shafa. Dare ya yi, mai mota ya ce ba shi da mai, hanyar kuma ba a binta da duhu. Gari ya waye aka nemi mai sayen akuya. Ba a kai ƙofar asibiti ba sai ƙarfe 11, watau bayan sa'a 26.

A asibiti kuma aka shiga layin yankar kati, aka koma layin biyan kuɗi, aka ce likita yana zagayen ɗakunan kwana, a jira. Da ya zo ya duba, ya ce ana bukatar hoton kai, amma sai a wani gari.

A cikin dukan mutanen nan ba wanda ya yi mugunta. Mai dama kunu ƙauna ce ta sa ta, ɗan da ya jira baffansa ladabi ne, ma'aikacin kati kuma aikinsa yake yi. Abin da aka rasa shi ne shiri tun kafin ranar.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ko da yake hannu da ƙafa ne suke mutuwa, ciwon a cikin ƙwaƙwalwa yake. Mai lambu zai gane wannan da sauri. Ƙwaƙwalwa kamar lambu take, jijiyoyin jini kuma su ne hanyoyin ruwa. Ɓarna iri biyu kan sami hanyar ruwa: ko ta toshe, fangalin da ke gabanta ya bushe, ko kuwa ta ɓalle, ruwa ya kwanta a kan shuka ya kashe ta. Haka yake a kai. Wani lokaci gudan jini ne kan toshe jijiya, wani lokaci kuma jijiyar ce kan fashe jini ya zuba. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke mulkin ɓarin jiki na dama, ga yawancin mutane kuma shi ke riƙe da magana. Shi ya sa dattijon nan ya rasa hannun dama da magana tare.

In hanyar ruwa ta toshe, ba dukan shuka ke mutuwa nan take ba. Ta tsakiya ce kan fara, ta gefe kuwa takan yi yaushi tana jira, gama tana ɗan samun laima daga fangalin maƙwabta. In an buɗe ruwa da wuri sai ta farfaɗo. Wannan ta gefen ita ce likitoci ke kokawar ceto. A 2006 wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya lissafta cewa in babbar jijiya ta toshe, mutum yakan yi hasarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 a kowane minti ɗaya da ba a yi magani ba.

Akwai wani babban bincike mai suna SIREN wanda aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ɗaya daga cikin shugabanninsa kuwa shi ne Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan. A rahoton da suka fitar a 2018, bayan sun duba masu ciwon fiye da 2,000, sun tarar kimanin kashi 2 cikin 3 toshewa ce, kashi 1 cikin 3 kuma fashewa. Sun tarar hawan jini yana da hannu a cikin kimanin 9 daga kowane 10, kuma kusan mutum 1 cikin 4 bai kai shekara 50 ba. Ashe ba ciwon tsofaffi kaɗai ba ne. Yara masu ciwon sikila ma yakan same su, su kuwa ƙarin jini cikin gaggawa ne maganinsu.

Alamun da kowa ya kamata ya sani

Babbar shaidar wannan ciwo ita ce yakan zo farat ɗaya. In kun ga mutum ya sake ba zato, ku gwada abu uku:

1. Fuska. Ku ce ya yi murmushi ko ya nuna haƙoransa. Baki ya karkace gefe ɗaya?
2. Hannu. Ku ce ya ɗaga hannu biyu gaba ya riƙe. Ɗaya yana saukowa da kansa, ko ya ƙi tashi?
3. Magana. Ku ce ya faɗi sunansa da sunan ƙauyensa. Harshe ya yi nauyi, ko maganar ta rikice, ko ba ya gane abin da ake faɗa masa?

Ko ɗaya daga cikin ukun nan ya isa a tashi. Har wa yau akwai waɗansu alamu: ido ɗaya ya daina gani ko a riƙa ganin abu biyu-biyu, jiri da tangaɗi kamar mai maye, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda mutum bai taɓa ji ba.

Wani lokaci alamun kan zo su wuce cikin minti kaɗan, mutum ya koma garau ya ɗauki fartanyarsa. Kada a ce an rabu da shi. Wannan gargaɗi ne, babban ciwon kuwa yana iya biyowa baya a cikin 'yan kwanaki. Irin wannan mutum ma a kai shi asibiti a ranar.

Abu na huɗu shi ne lokaci. Tambayar farko da likita zai yi ita ce, yaushe aka gan shi lafiya na ƙarshe? In ba agogo, a duba waya, ko a tuna ko an kaɗa ƙararrawa, ko an yi kiran salla, ko an fara labarai a rediyo. In da ciwon ya farka daga barci, lokacin da ya kwanta shi za a faɗa.

Abin da za a yi da abin da za a bari

Kada a ba shi kome ta baki: ba ruwa, ba kunu, ba jiƙo, ba ƙwaya. Ciwon yakan raunana maƙogwaro, abin da aka ba shi sai ya bi hanyar numfashi ya faɗa huhu, bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi da ciwon huhu su tashi. Mutane da yawa wannan ne ke kashe su.

Kada a ba shi asfirin a gida. In toshewa ce asfirin yana taimako, amma in fashewa ce yana iya ƙara zubar jinin, ba kuwa mai iya rarrabe biyun da ido, ko da likita ne. Haka kuma kada a ɗura masa ƙwayoyin hawan jini don a saukar da shi da ƙarfi. Ƙaho da tsaga da hayaƙi da soka allura a yatsu ba sa kaiwa inda ciwon yake, lokaci kawai suke ci.

In yana gyangyaɗi ko yana amai, a kwantar da shi a gefensa domin kada aman ya shaƙe shi. A sassauta masa tufafi, a cire goro ko abin da ke bakinsa. A tattara dukan magungunan da yake sha a tafi da su. Wanda ya ga farkon abin shi ya kamata ya shiga mota, gama shi ke da labari. Masu addu'a su yi ta a hanya, addu'a ba ta hana mota tafiya.

Abin da asibiti ke iya yi

A dā likitoci ba su da abin yi da yawa sai jinya. Abin ya fara sakewa da aka ƙera na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wadda ma'aikatan asibiti ke kira siti-sikan. An fara amfani da ita a kan mara lafiya a Landan a 1971. Cikin 'yan mintoci takan nuna ko jini ya zuba ko bai zuba ba.

A 1995 wani bincike a Amurka ya nuna cewa allurar narkar da gudan jini tana ƙara yawan masu warkewa in an yi ta cikin sa'a 3 daga farkon ciwo. A 2008 binciken da aka yi a Turai ya kai iyakar zuwa sa'a 4 da rabi. A 2015 kuma aka tabbatar da amfanin wata dabara: a zura siririyar roba ta jijiyar gindin cinya har zuwa ƙwaƙwalwa, a jawo gudan jinin waje. Ana yin wannan yawanci cikin sa'a 6, daga 2018 kuma ga waɗansu zaɓaɓɓun marasa lafiya har zuwa sa'a 24. A duk waɗannan, wanda ya riga isa shi ya fi samun amfani.

Gaskiya ita ce, allurar nan tana da tsada, asibitocin da ke yin ta a ƙasarmu kuma kaɗan ne, a manyan birane. To, wani zai ce, mene ne amfanin gudu ke nan? Amfaninsa da yawa. Da ɗigon jini ɗaya daga yatsa za a san ko sukarin jikinsa ne ya faɗi, gama faɗuwar sukari takan yi kama da shanyewar jiki, maganinta kuwa na nan take ne. Za a ba shi iskar oksijin in numfashinsa ya gaza, a yi masa ƙarin ruwa tun da ba ya iya sha. In hoto ya nuna toshewa ce za a fara ba shi asfirin, wanda ke rage haɗarin sake toshewa a kwanakin farko. In kuma fashewa ce, wadda muka ga tana da yawa a wurinmu, za a saukar da hawan jinin da ƙa'ida domin zubar ta tsaya.

Yadda waɗansu suka rage jira

A babban asibitin birnin Helsinki na ƙasar Finlan, a 1998, daga shigar mara lafiya ƙofa zuwa yi masa allurar nan akan ɗauki kimanin minti 105. Likitocin suka zauna suka bi sawun mara lafiya taki-taki, suna neman inda yake tsayawa a banza. Suka shirya cewa ma'aikatan motar asibiti za su bugo waya tun suna hanya. Kafin mota ta iso an ji labarin ciwon daga bakin dangi, an buɗe takardarsa, an share ɗakin hoto. Da isowa ba a ajiye shi a ɗakin jira, sai a wuce da shi kai tsaye kan gadon hoto. Likita yana tsaye yana duban hoton, a nan kuma kan gadon za a yi allurar. Zuwa 2011 minti 105 ɗin nan ya koma 20. Wani asibiti a Melbon ta ƙasar Ostiraliya ya kwaikwayi tsarin a 2012, cikin 'yan watanni ya sauko zuwa kimanin minti 25 a lokutan aikin rana.

A Landan kuma wata hanya suka bi. A dā asibitoci wajen 30 ne ke karɓar masu wannan ciwo. A 2010 aka ware 8 kaɗai masu kayan aiki da ma'aikata dare da rana, aka umarci motocin asibiti su wuce asibitin da ke kusa su kai can. Binciken da ya fito a 2014 ya ƙiyasta cewa wannan tsari yana ceton rai kusan 100 a kowace shekara.

Ku lura, 'yan'uwa, yawancin abin da aka sake a Helsinki ba sayen sabon inji ba ne. Waya ce kafin isowa, da sanin aikin kowa, da yin abubuwa biyu ko uku a lokaci ɗaya maimakon a jera su. Duk wanda ya taɓa shirya gayya ya san wannan: mai dafa abinci ba ta jira sai an gama noma kafin ta hura wuta.

Zazzaɓi, sukari, haɗiya

Akwai wani darasi kuma da ya fi dacewa da ƙananan asibitocinmu. A jihar Niyu Sawut Wels ta Ostiraliya, ma'aikatan jinya a ƙarƙashin Farfesa Sandy Middleton sun gwada wani tsari mai sauƙi a ɗakunan jinya 19. Abu uku ne cikin kwana 3 na farko. A riƙa auna zafin jiki kowace sa'a 4, in ya hau a ba da farasitamol. A riƙa auna sukari, in ya hau a saukar da shi. Kada kuma a ba mara lafiya kome ta baki sai an gwada haɗiyarsa. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna cewa bayan kwana 90, a ɗakunan da ba a bi tsarin ba mutum 58 cikin 100 sun rasu ko sun dogara ga wani, a ɗakunan da aka bi shi kuwa 42 ne.

A 2023 an fitar da sakamakon wani bincike a kan masu fashewar jijiya fiye da 7,000 a ƙasashe 10, Nijeriya tana cikinsu. An tarar cewa in an haɗa saukar da hawan jini da wuri, da kula da sukari, da kashe zazzaɓi, masu mutuwa da masu naƙasa sukan ragu.

Tara masu wannan ciwo a ɗaki ɗaya, a hannun ma'aikatan da suka saba da shi, shi ma magani ne. Da aka haɗa binciken ƙasashe da yawa an ga cewa a cikin kowane mutum 100 da aka yi jinyarsu a irin wannan ɗaki, akan sami ƙarin kimanin 2 da suka rayu, da ƙarin kimanin 6 da suka koma gida suna iya yi wa kansu hidima. Asibitin koyarwa na Korle Bu a birnin Akra na Gana ya buɗe irin wannan ɗaki a 2014. Ma'aunin zafin jiki, da na'urar awon sukari, da farasitamol, da cokali da kofin ruwa na gwajin haɗiya, ba su fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma ba.

Aikin ƙungiya

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwan da kowace ƙungiya za ta iya shiryawa tun yanzu.

1. A san asibitin da za a nufa. A aiki mutum biyu su je su tambaya: wane asibiti mafi kusa ne yake da na'urar hoton kai, tana aiki, har da dare da ranar Lahadi? Nawa ne kuɗin? Yawanci a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin tarayya da waɗansu na kuɗi ake samunta. A riƙa sabunta labarin, gama inji yakan lalace. In mara lafiya ya suma ko numfashinsa ya rikice, a fara tsayawa a asibitin da ya fi kusa.

2. A sami lambar waya. A roƙi lambar ɗakin gaggawa ko ta wani ma'aikacin jinya a can. Da tashin mota a buga a ce: ga mu nan tafe da mutum mai shekara kaza, bakinsa ya karkace, hannun dama ya mutu, tun ƙarfe kaza. Lambar gaggawa ta ƙasa a Nijeriya ita ce 112, amma a yawancin ƙauyuka motar da ta fi kusa ita ce ta maƙwabci.

3. A shirya mota. A rubuta sunayen masu mota biyu ko uku, a daidaita kuɗi da su tun da kwanciyar hankali, a ajiye jarkar mai a wurin da ba wuta. An yi irin wannan shiri da ƙungiyar direbobi ta NURTW domin kai mata masu naƙuda asibiti a jihohi irin su Katsina da Zamfara da Yobe da Jigawa. Abin da ya yi wa mai naƙuda amfani zai yi wa mai shanyewar jiki. A kuma yi shawarar damina, sa'ad da rafi ya cika, da ta dare: wace hanya za a bi, su wa za su yi rakiya?

4. A kafa asusun gaggawa. Da kaka kowane ɗan ƙungiya ya ba da mudu ko tiya gwargwadon abin da aka yarda, a sayar a ajiye kuɗin a hannun ma'aji da mutum ɗaya kuma, domin kada a rasa mai buɗewa da tsakar dare. A ba da rance nan take, iyali su biya daga baya. Sayar da akuya cikin gaggawa hasara biyu ce, ta lokaci da ta kuɗi.

5. A warware maganar izini. Kowane maigida ya faɗa a gaban iyalinsa da 'yan'uwansa cewa in irin wannan ya same shi ko wani nasa, duk wanda ke kusa, mace ko yaro, yana da izinin kai shi asibiti. Sanarwa ta bi baya ta waya.

6. A koya wa kowa alamun nan uku, musamman mata da 'yan makaranta, gama su ne a gida.

7. A sayi na'urar awon jini, a riƙa auna kowa a taron wata-wata. Wanda nasa ya kai 140 bisa 90 ko fiye a awo dabam-dabam, ya je ya ga ma'aikacin lafiya. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen miya, a yawaita ganye, a bar taba.

Tambayoyin da za mu kai asibiti

Ma'aikatan asibitocinmu suna aiki da hannu kaɗan da kaya kaɗan, saboda haka ba da faɗa za mu je ba. Amma ƙungiya mai mutum 40 tana da bakin da mutum ɗaya ba shi da shi. Ta wurin kwamitin lafiya na gunduma, ko ta ziyarar shugaban asibiti, muna iya tambaya cikin ladabi:

Mai ƙofa da mai kati sun san alamun nan, za su kuma wuce da mara lafiya ciki kafin a yanki kati? Za a fara duba shi kafin a gama biya? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum magani na gaggawa. Akwai kayan awon sukari da ma'aunin zafi a ɗakin gaggawa da dare? Ana gwada haɗiya kafin a ba da abinci? In za a tura mu gaba, za a rubuta takarda mai nuna lokacin da ciwo ya fara, a kuma buga wa wancan asibiti waya? In sun ce abu kaza ya ƙare, wataƙila ƙungiyoyi biyu ko uku su haɗu su saya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Masu zaman jinya

A asibitocinmu dangi ne ke yin babban rabo na jinya, don haka su ma ma'aikata ne. In likita ya ce a sa robar abinci ta hanci, kada a ƙi. Ba alamar mutuwa ba ce, tsare huhu ne har maƙogwaro ya yi ƙarfi. In an yarda ya ci, a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, in ya fara tari a tsaya a kira nas. A riƙa juya shi kowace sa'a 2 domin gudun gyambon kwanciya. Kada a ja shi ta hannun da ya mutu, gama kafaɗar takan goce. In jiki ya yi zafi a faɗa nan da nan. Sa'ad da likita ya yarda, a fara zaunar da shi, a kuma bi abin da masu motsa gaɓoɓi, watau likitocin gashi, suka koyar. Kada a ɗauke shi a koma gida a kwana na biyu don an ga bai tashi ba. Sauƙin wannan ciwo a hankali yake zuwa, mafi yawansa cikin watanni 3 zuwa 6 na farko.

A taronku mai zuwa

Muna roƙon kowane magatakarda ya karanta wannan takarda a taro mai zuwa. Sa'an nan ku ɗauki labarin mutum na ƙarshe da wannan ciwo ya samu a ƙauyenku, ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, ku ƙirga sa'o'in daga faɗuwarsa zuwa hannun likita. Ku ga inda kowace sa'a ta tafi, ku zaɓi wuri ɗaya ko biyu da za ku gyara a bana. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da wannan ciwo a duniya, ta kuwa faɗo daidai lokacin kaka, sa'ad da hatsi ke shigowa gida. Lokaci ne mai kyau na auna mudun asusu, da sake gwada lambobin waya, da duba ko jarkar nan tana da mai. Ƙungiyar da ta yi haka ta rubuto mana yadda ta yi, domin sauran su koya.